Labarin Kurkunu da Yadda Aka Rabu da Shi

Wanda ya zauna da dattawan Kanya Babba cikin ƙasar Babura, ko da na Kazaure da Roni da Gwiwa, in ya lura da ƙafafunsu sa'ad da suka zo yin alwala, ya kan ga waɗansunsu da tabo a idon sawu ko a ƙwauri, mai zurfi kamar na ƙunar wuta. In ya tambayi dalili, sau da yawa da kalma ɗaya za a amsa masa, watau kurkunu. Yaran da ke tasowa yanzu sun san sunan, amma ba su taɓa sa shi a ido ba, gama tun daga ƙarshen 2008 ba a ƙara samun wanda ciwon nan ya kama a Nijeriya duk faɗinta ba. Abin mamaki cikin al'amarin shi ne, ba da allura aka kore shi ba, ba kuwa da lamba ba kamar yadda aka yi wa agana. Har yau ɗin nan likitocin duniya ba su da wata ƙwaya da za a haɗiya ta kashe kurkunu. An dai gano ƙofar da ya ke shigowa ne, aka rufe ta. Amma kafin a gano ƙofar nan an yi shekaru dubbai, bayan an gano ta kuma sai da aka ƙara fiye da shekara 100 kafin labarin ya iso bakin tafkin ƙauye.

Ga wanda bai san shi ba, kurkunu wata tsutsa ce fara, siririya kamar zare mai kauri, tsawonta ya kan kai ƙafa 2 ko 3. Ta kan zauna cikin jikin mutum wajen shekara guda bai sani ba, ba ciwo, ba alama. In lokacinta ya yi sai ta gangaro ƙarƙashin fata, galibi zuwa ƙafa, ko da ya ke tana iya fitowa ko ina, a hannu, ko a gadon baya, ko a mama. Da fari mutum ya kan ji zazzaɓi da ƙaiƙayi da tashin zuciya, sa'an nan wani bororo ya taso, yana zafi kamar an ɗora garwashi. In bororon ya fashe sai a ga kan tsutsar ya leƙo. Daga nan fa aiki ya samu, don ba ta fita gaba ɗaya. Sai a sami ɗan tsinke a naɗe abin da ya fito, kullum a jawo kaɗan, yau inci ɗaya, gobe biyu, har mako uku ko huɗu, wani lokaci ma wata biyu. Wanda ya yi gaggawa ya fizga har ta tsinke ya jawo wa kansa, gama abin da ya saura ciki zai ruɓe, ƙafa ta kumbura ta tara mugunya. In kusa da gwiwa ko idon sawu ta fito, gaɓar ta kan sandare, mutum ya zama gurgu har ƙarshen ransa. Waɗansu kuma ƙasa ta shiga gyambon, ciwon sarƙe haƙora ya same su, su rasu. Ba kuwa lalle ɗaya kaɗai ke fitowa ba, a kan sami mai biyu, da mai biyar, har da wanda ya fi haka. Wanda ya yi shi bana kuma bai tsira baɗi ba, gama ba irin agana ko ƙyanda ba ne, da a kan yi sau ɗaya a huta.

Shi kansa kurkunu bai cika kisa ba. Babbar ɓarnarsa tana ga lokacin da ya ke zuwa. A ƙasashen kudu da rani ya ke tashi, amma a arewa, kamar ƙasar Kano da Katsina da Damagaram, da damina ya ke fitowa, tun daga faɗuwar ruwa har zuwa kaka. Kowa kuwa ya san daminar wajen Babura gajeriya ce, ba ta fi wata huɗu ba, ƙasar kuma jigawa ce, ba ta riƙe laima. Wanda bai yi shuka ran da ruwa ya sauka ba ya makara. Wanda bai yi noman firi cikin lokaci ba, ciyawa ta cinye masa gero. To, daidai wannan lokaci ne kurkunu ke kayar da magidanci, ya yi wata biyu bisa tabarma, yana kallon maƙwabta suna wucewa da fartanya a kafaɗa. In mutum ɗaya ne a gida da sauƙi, 'yan'uwa sa yi masa gayya. Amma da ya ke mutanen gida ɗaya daga randa ɗaya su ke sha, sau da yawa tare ya ke kama su, uba da ɗa da uwargida. Mutanen unguwa ɗaya kuma tafki ɗaya su ke ɗiba, saboda haka masu zuwa gayyar su ma suna can kwance. Kaka ta yi, rumbu bai kai rabi ba, a shiga cin bashin hatsi, haraji kuwa ya zo, shi bai san wani kurkunu ba. Yaro ya bar makaranta, ko don tasa ƙafar, ko don ya tsaya wa ubansa a gona. Don haka ne Dogon, waɗansu mutane na ƙasar Mali, su ke kiransa ciwon da ke barin rumbu wayam.

Mutanen da ba su naɗe hannu suka zauna ba. Wanzamai da maƙera su kan yi sakiya, watau a sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a huda kumburin don mugunyar ta fita. A kan kuma ɗaura ganyaye da saiwoyi iri iri. Amma duk wannan jiyyar abin da ya riga ya fito ce. Ta inda ya ke shiga, nan ne aka rasa. Waɗansu suka ce jijiyar jikin mutum ce ta lalace ta fito, waɗansu suka ce gado ne cikin jini, waɗansu suka ɗora wa sammu. Bai kamata a yi musu dariya ba. Wa zai haɗa ruwan da ya kurɓa a bakin gona bara da ciwon da ya fito masa a ƙafa bana? Tsakanin sha da fitowa wata 10 ne zuwa 14. In mutum ya ci abu da dare, cikinsa ya ɓaci da safe, ya san abin da ya cuce shi. Amma ɓarawon da ya shiga gida ya ɓuya shekara guda, ba mai tuna ranar da aka bar ƙofa buɗe.

Ba kuwa mutanen ƙauye kaɗai suka ruɗe ba, har manyan malamai. Ciwon daɗaɗɗe ne ƙwarai. An sami busasshiyar tsutsar cikin gawar wata yarinya ta Masar, irin gawarwakin nan da mutanen zamanin Fir'aunoni ke shafewa da magani su adana. Yunanawa sun ba da labarinsa ga mutanen bakin Bahar Maliya. Likitocin Musulmi kuma, kamar su Arrazi da Ibn Sina, sun ambace shi cikin littattafansu da sunan irƙul madini, watau jijiyar Madina, don ya yawaita a wannan yanki a zamaninsu. Sunan da kansa ya isa ya nuna an daɗe ana gardama ko jijiya ce ko kuwa abu mai rai. Su ma iyakar shawararsu ita ce a naɗe a hankali, kada a bari ta tsinke. Turawan da suka fara zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma suka tarar da shi ga mutanen wurin, suka sa masa suna tsutsar Gini, gama Gini su ke kiran wannan gaɓa duka a lokacin. Jiragen bayi suka ƙetare da shi zuwa Amurka ta Kudu da tsibiran da ke kusa da ita, ya zauna can shekaru, sa'an nan ya ɓace.

Asirin bai tonu ba sai cikin 1870. Wani saurayi mutumin Rasha, masanin halittu, sunansa Fedchenko, yana yawon bincike a ƙasar Turkistan, wajen Samarkand, inda ciwon ya addabi mutane. Ya ɗebo ruwan tafkunansu, ya duba da madubin nan na likita mai ƙara girman abu. Cikin irin ruwan nan kuwa akwai waɗansu 'yan ƙwari ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba. In an zuba ruwan cikin kwalba, aka ɗaga ga hasken rana, a kan hange su kamar fararen ɗigo suna 'yan tsalle-tsalle. Saboda tsallen nan a ke ce musu ƙumar ruwa. Da Fedchenko ya duba cikin ƙumar sai ya ga 'ya'yan kurkunu a ciki. Bai yi tsawon rai bayan wannan ba, ya rasu cikin 1873 garin hawan wani dutse mai ƙanƙara a Turai, bai cika shekara 30 ba. Cikin 1905 wani likita Bature, Leiper, ya ɗora bisa aikinsa a Akara, ta ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Ya ciyar da biri ƙumar da ke ɗauke da 'ya'yan, bayan wata 6 ya sami tsutsotsi cikin jikinsa. Cikin 1913 kuma wani likita Ba'indiye, Turkhud, ya gwada ga waɗansu mutane da suka yarda a Bombai, shekara na zagayowa sai ga kurkunu ya fito wa ɗayansu. Gardama ta ƙare.

Ga yadda abin ya ke. Bororon nan yana ƙuna, mai shi kuwa ba abin da ya ke so irin ya tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi. Abin da tsutsar ke jira ke nan. Da ta ji ruwa sai ta fesar da wani abu fari kamar madara, cikinsa akwai 'ya'ya dubu ɗaruruwa. 'Ya'yan nan in sun yi 'yan kwanaki ba su sami masauki ba sai su mutu. Amma ƙumar ruwa ta kan haɗiye su a kan abinci ne, su kuwa su rayu cikinta kamar mako 2 har su ƙosa. Wani ya zo da ƙishirwa, ya sha ruwan duk da ƙumar. Cikinsa ya narkar da ƙumar, 'ya'yan su fita, su huda hanji, su shige cikin jiki. Can namiji da mace su haɗu. Namijin ɗan ƙanƙane ne, ya mutu nan ciki, macen kuwa ta yi ta girma da 'ya'ya a cikinta har damina ta zagayo. Watau mutum ke ba tafki, tafki kuma ya mayar wa mutum. In da za a yi shekara guda cur ba mai ciwon da ya shiga ruwan sha, ko kuwa ba wanda ya haɗiyi ƙuma, da irin ya ƙare a wannan gari.

Nan ne kuma a ke gane abin da ya sa damina ce lokacinsa a arewa. Da rani tafkuna sun ƙafe, kowa rijiya ya ke sha, ko da nisa, ko da wuya. Rijiya kuwa guga ke shiga cikinta, ƙafa ba ta shiga. Da ruwa ya sauka sai kududdufan da aka haƙi ƙasar gini su cika, kwaruruka na bakin gonaki su tara ruwa. Rijiyoyin jigawa suna da zurfi, jan guga aiki ne sosai. A wajen Kazaure da Roni da Gwiwa kuma ƙasar duwatsu ce, mai haƙa ya kan ci karo da dutse tun bai kai ruwa ba. To, mace ga ɗawainiyar gida, ga kai abinci gona, ga tafki nan a bayan danga, wa zai ce mata ta tafi rijiya? Manomi ruwan gorarsa ya ƙare da rana tsaka, ga ruwa kwance a gefen kunya. Ba son ƙazanta ya sa su ba, gajiya ce da ƙishirwa.

Garin da ya fara nuna wa duniya ana iya rabuwa da ciwon nan shi ne Buhara, mahaifar Imamu Buhari mai littafin hadisi. Birnin yana da manyan tafkuna ginannu masu matakala, masu ɗiban ruwa su kan sauka har cikin ruwan su cika salkunansu, saboda haka kurkunu ya yi yawa ainun. Cikin shekarun 1920 hukumar Rasha ta sa wani likita, Isayev, bisa aikin. Aka kwashe ruwan waɗansu tafkunan, aka cike waɗansu, aka kawo famfo, aka hana masu ciwon shiga ruwa. Wajen 1931 kurkunu ya ƙare a Buhara.

A ƙasar nan kuwa an daɗe. Likitocin zamanin Turawa sun san labarin ƙumar ruwa sarai, yana cikin littattafansu. Amma hankalinsu ya fi tafiya ga cututtukan da in sun faɗo gari a ke kwasar gawa, su agana da sanƙarau da ciwon barci. Kurkunu kuwa ciwon talakan ƙauye ne. Mai shi ba ya iya takawa zuwa asibitin Kano, in ma an kai shi bisa jaki ba abin da za a yi masa sai wankin gyambo. Wanda bai je asibiti ba bai shiga littafi ba, abin da bai shiga littafi ba kuwa, a wurin hukuma kamar babu shi ne. Alheri ɗaya da aka samu a zamanin shi ne rijiyoyin siminti masu tudun baki, waɗanda En'e-En'e na lardunan arewa suka shiga haƙawa tun daga wajen 1930. Ba don kurkunu musamman aka haƙa su ba, don ƙarancin ruwa ne, amma garin da ya sami irinsu kusa, ciwon ya kan ja da baya. Sai dai manyan garuruwa suka fi samu, ƙananan unguwanni da rugage suna nan da tafkinsu.

Haka aka zauna har bayan samun mulkin kai da shekaru. Cikin 1980 aka yi shela an gama da agana a duniya duka. Wannan ya ƙarfafa zukatan likitoci, suka shiga tambaya, saura wane? Daidai lokacin kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekara 10, daga 1981 zuwa 1990, don nema wa ƙauyuka ruwan sha mai tsabta. Sai waɗansu likitocin Amurka suka ce ai ga ma'auni, in ruwan gari ya gyaru kurkunu ne zai fara shaidawa. Cikin 1985 aka yi taron farko na ƙasa a kansa a Ilori. Cikin 1986 Jimi Kata, wanda ya sauka daga shugabancin Amurka cikin 1981, ya ɗora aikin a wuyan cibiyar da ya kafa. A shekaran nan an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa kowace shekara, cikin ƙasashe 21 na Afirka da Asiya.

Nijeriya ta kafa nata shirin cikin 1988, sa'ad da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya. Aikin farko da aka yi ba na likita ba ne, na malamin ƙidaya ne. Aka baza ma'aikata ƙauye ƙauye, suna tambayar dagatai da masu unguwa ko an yi ciwon a garinsu cikin shekara, mutum nawa. Kafin wannan, rahoton asibitoci 'yan dubbai kaɗan ya ke nunawa. Da aka haɗa lissafin ƙauyuka sai ga mutum fiye da 650,000, cikin ƙauyuka kusan 6,000. Ba ƙasar da ta kai haka a duniya. A lokacin Babura da Kazaure suna cikin Jihar Kano, gama ba a yanke Jihar Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta 1991. Ƙetaren iyaka kuma, Jamhuriyar Nijar ta yi tata ƙidayar cikin 1991, ta sami fiye da 30,000, mafi yawansu a jihar Damagaram, wadda ba ta da nisa da Babura ta arewa. Tilas ƙasashen biyu su yi aikin tare, don fatake da makiyaya da 'yan cin rani suna ƙetare iyaka da tsutsar cikin jikinsu, su da kansu ba su sani ba, balle ɗan kwastan.

Makaman da aka yi yaƙin da su, wanda ya gan su sai ya raina. Na farko ƙyalle ne. Ƙumar ruwa, ko da ya ke ƙarama ce, ba ta iya ratsa ƙyalle mai ƙaramin ido. Kamfanin DuPont na Amurka ya ba da yadin nailan kyauta, aka yanka, aka ɗinke, aka rarraba wa matan gida su ɗaura a bakin tulu ko randa su tace. Inda babu shi, akoko mai tsabta ma ya yi. Masu shiga daji aka ba su ɗan bututu mai mataci a gindinsa, su rataya a wuya kamar laya, in ƙishirwa ta kama su su zuƙi ruwa ta cikinsa. Akwai kuma wani magani, Abate, a kan auna faɗin tafki da zurfinsa a zuba daidai gwargwado wata wata, ya kashe ƙumar, ba ya cutar mutum ko dabba. Sa'an nan aka yi ta haƙa burtsatse da taimakon Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasar Japan da gwamnatocin jihohi.

Amma ginshiƙin aikin mutum ne. A kowane ƙauye mai ciwon aka zaɓi ɗaya daga cikin mutanen garin, wanda ya ɗan iya rubutu, aka koya masa abin da zai yi, ba kuwa wani albashi a ke ba shi ba. Ya zaga gida gida. Da ya ji bororo ya taso wa wani sai ya je a ranar, ya wanke, ya ɗaure, ya lallashi mai shi kada ya kusanci tafki, a nemi wanda zai riƙa ɗebo masa ruwa. Sa'an nan ya rubuta cikin littafinsa. Ƙarshen wata mai dubawa ya zo bisa babur ya karɓi lissafi, lissafin ya hau daga ƙauye zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, har ya kai ga Gwamnatin Tarayya. Ciwon da a da bai shiga littafi ba, ga shi yanzu kowane mai shi an san sunansa da garinsu da tafkin da ya ke sha. In da za a raba ladan aikin nan, kaso mafi tsoka na waɗannan mutane ne, da matan da suka jure tace ruwa safe da yamma shekara da shekaru.

Kada a zaci abin ya tafi sumul. Waɗansu suka ce ruwan da aka tace ba shi da garɗi. A waɗansu wurare aka hana zuba magani a tafki, ko don tsoron dabbobi, ko don kada a ɓata wa iskokin wurin rai. Ƙyalle ya yage ba a sake ba, famfo ya lalace ba mai gyara. An sa ƙarshen 1995 ya zama ranar gamawa, ranar ta zo ta wuce. Daga 1996 zuwa 1999 lissafin Nijeriya ya tsaya tsakanin 12,000 da 13,000 da 'yan kai, ya ƙi sauka. Sai Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki ƙasar daga 1966 zuwa 1975, ya shiga aikin. Tun daga 1999 ya yi ta bin jihohi, yana ganin gwamnoni da sarakuna, yana shiga ƙauyukan da mota ke kaiwa da ƙyar. Dabararsa ita ce ya karɓi alkawarin rijiya a gaban jama'a, bayan 'yan watanni kuma ya komo ya tambayi inda aka kwana. Babba kuwa in ya tambaya sau biyu, kunya ta kan yi abin da takarda ba ta yi ba. Lissafin ya shiga gangarowa, har cikin 2004 ya komo 495, cikin 2006 kuma 16 tak. Cikin 2007 aka gano wani ƙauye a Jihar Inugu, Ezza Nkwubor, inda ciwon ya ɓuya, lissafi ya koma 73. A ƙauyen nan ne aka fitar da tsutsa ta ƙarshe daga ƙafar wata mace cikin watan Nuwamba 2008. Aka sa ladan kuɗi ga duk wanda ya nuna mai kurkunu, aka yi ta jira, ba a samu ba. Cikin Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi, rana ɗaya da Nijar.

Da a ce jikin mutum kaɗai tsutsar ta sani, da yanzu an manta da ita. Amma a ƙasar Cadi, bayan an yi shekara 10 ba a ba da rahoton ko mutum ɗaya ba, sai ga ciwon ya sake ɓulla cikin 2010. Ya kuma zo da wani hali da ba a saba ba, ɗaya a wannan gari, ɗaya a wancan, ba tafkin da ya haɗa su. Cikin 2012 aka gane dalili. Karnukan ƙauyukan bakin Kogin Shari ne ke ɗauke da ita, da aka bincika kuwa sai aka tarar tsutsar ita ce dai ta mutane, ba wata ba. Mutanen wurin masunta ne, lokacin su a kan zubar da hanjin kifi ko ina, karnuka su bi su cinye. Masana suna ganin ta nan, da ta kwaɗi da ƙananan kifayen da suka haɗiyi ƙuma, 'ya'yan ke shiga kare. Cikin 2019 an ƙirga karnuka kusan 2,000 masu kurkunu a Cadi kaɗai. An kuma gan shi ga kyanwowi, da gwaggon biri a Habasha, da karnukan Mali da Kamaru da Angola. Kare kuwa ba a yi masa wa'azi, ba ya kuma tace ruwa. Dole aka koma ɗaure karnuka a gida lokacin ciwon, ana binne hanjin kifi, ana ba da lada ga wanda ya tsare karensa har tsutsar ta gama fita. Ga mutane dai abin ya zo ƙarshe ƙarshe. Cikin 2024 mutum 15 aka samu a duniya duka, 9 a Cadi, 6 a Sudan ta Kudu. Jimi Kata ya taɓa cewa burinsa tsutsa ta ƙarshe ta riga shi mutuwa. Allah bai nufa ba, ya rasu ran 29 ga Disamba na shekaran nan, yana da shekara 100.

Kogin Shari a Tafkin Cadi ya ke zuba, inda ruwan Kogin Haɗeja ma ke ƙarewa, masunta da fataken kifi Hausawa kuwa ba su daina kai da kawowa tsakani ba. Kududdufan Kanya Babba da na maƙwabtanta suna cika kowace damina kamar da, ƙumar ruwa kuma ba inda ta tafi, iri ne kaɗai babu. Saboda haka har yanzu abin da ma'aikatan lafiya ke nema ga dagaci da mai unguwa shi ne, in baƙo ya sauka da bororo mai ƙuna a ƙafa, ko aka ga wani farin zare yana leƙowa daga ƙafar kare, a tsare shi daga ruwan sha, a kai labari asibiti a ranar, ba sai gari ya waye ba.